Yaya Rahila da "laifin shimfiɗa"

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Rahila makwancinta, a ɗan filin da aka yanka wa Kirista can bayan gari. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Ni dillalin wake da hatsi ne, abin da na iya shi ne in zura hannu cikin buhu in san ko an yi masa ciko da yashi. Abin da ya tashe ni bana, ran Lahadin da ta wuce wani dattijo yana addu'ar tunawa da waɗanda suka riga mu, da ya zo kan sunanta sai ya ce, "Uwarmu Rahila, mai kunya, mai kamun baki." Jama'a suka amsa da amin. Na ɗaga kai na dubi rufin kwanon majami'a, don na zaci zai faɗo mana. An zagi yayata iri-iri tana da rai, amma ba a taɓa yi mata ƙazafi irin wannan ba. Kuma mai addu'ar yana cikin waɗanda suka tsige ta daga shugabancin mata saboda wannan bakin nata.

Lokacin da ake wannan amin, akwai wata mata zaune ita kaɗai a bencin ƙarshe, daf da ƙofa. Sunanta Saratu. Yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, maƙwabtanmu, to bari in yi musu bayanin bencin. Mu Kirista a Dakoro ba mu da yawa. Iyayenmu daga wajen Maradi suka hauro, wasu aikin gwamnati ya kawo su, wasu gini, wasu ɗinki. A ikilisiyarmu, in mutum ya yi babban laifi, dattawa su sa shi ƙarƙashin horo. A yi sanarwa gaban kowa, ya koma bencin baya, kuma ranar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kansu don tunawa da Almasihu, mai rabo ya zo kansa ya wuce. Wanda ba namu ba zai ga abin kaɗan ne, gutsuren burodi da kurɓi ɗaya. A wurinmu kuwa, kamar a kira ka gida ne, a zauna cin tuwo, a ce kai kada ka sa hannu a akushi. Horo yakan yi 'yan watanni, mutum ya miƙe ya tuba, a mai da shi. Ita Saratu, jaririn da take goye da shi ran da aka yi mata sanarwa, bana ya shiga kwalej, wato sakandare. Har yau ƙoƙon yana wuce ta. Ba za a gane Yaya Rahila ba sai an san dalili.

Yaya ta girme ni nesa, ita ta goye ni. Tela ce, mijinta ya rasu da wuri, ta riƙe 'ya'yanta da keken ɗinki. A ikilisiya ita ce shugabar zumuntar mata, kuma ita ce uwar amare. Duk yarinyar da za a ɗaura wa aure, sai an kai ta ɗakin Yaya, tana gwada mata farar riga tana yi mata huɗuba. Huɗubar ba tata ba ce, gado ce. Haka aka faɗa mata, haka ta faɗa wa na baya: jikin mace na mijinta ne, ba ta hana shi, ko ta gaji ko ba ta so. Mace ta gari ba ta nema, ba ta nuna tana jin daɗi, don wannan halin 'yan duniya ne. Abin da ke tsakanin miji da mata a ɗaki don haihuwa aka yi shi, duk wadda ta nemi maganin tsai da ciki tana ja da Allah. Sama da duka, ba a maganar. Ba da miji ba, ba da uwa ba, ba da fasto ba. Yaya ta yi shekaru tana wannan huɗuba da zuciya ɗaya. Saratu ma ta bi ta ɗakin, da Iliya magini zai aure ta.

Kakanninmu, tun ba su zama Kirista ba, suna da tasu dabara. Mace in ta haihu sai ta tafi gidansu ta daɗe, miji kuma ya ja jiki har a yaye yaro. Wadda ta yi ciki tana shayarwa, a ce ta yi rurrutsa, har habaici ake yi mata ita da mijin a bakin rijiya. Da bangaskiya ta zo, aka ce wannan al'adar arna ce, matar Kirista ba ta barin ɗakin mijinta. Aka kawar da tsohuwar garkuwa, aka haramta sabuwa ta likita, aka bar mace da kalma ɗaya, haƙuri.

Saratu ta yi haƙurin. Tana goyo tana ciki, tana ciki tana goyo, har ta zama kamar kara. Cikin da ya kusa kashe ta, suna garin Rumbu ne, Iliya ya samu aikin ginin lakwal, wato makarantar boko, ya tafi da iyalinsa. Naƙuda ta zo ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ni kuma ran nan ina garin ina lodin wake. A kan buhunana aka shimfiɗa ta cikin kamiyo, babbar motar kaya, rana tsaka, muka yo Dakoro, wata tsohuwa tana riƙe da kanta. Buhunan da ta kwanta a kai, ban sayar da su ba, don jini ya ratsa su. Ba labari aka ba ni ba. Allah ya yi da sauran kwana, ita da yaron suka rayu. Sajfam, ungozomar asibiti, ta kira su ita da mijin ta ce musu mahaifar ta gaji, in aka sake ciki nan kusa, gawa za a ɗauka. Ta ce akwai allura. Iliya ya ce shi ba zai shiga wuta saboda allura ba, haka aka koya masa.

Da suka dawo gida aka yi arba'in, Saratu ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakin yara. Ta ce masa ko allura, ko ya ƙyale ta. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, daga baya ya kai ƙara wurin dattawa. Suka kira ta, suka ce allura zunubi ce, hana miji ma zunubi ne, ta koma ɗakinta ta dogara ga Allah. Ta ce ta dogara ga Allah, amma ba ta komawa. Suka yanke mata horo.

Nan aka zo wurin da har gobe nake jin zafinsa. Mai karanta sanarwa a lokacin Baba Ayuba ne, dattijon kirki, shi ya koya mini karatu a makarantar Lahadi. Dole ya faɗi laifin, haka doka take. Amma ta yaya dattijo zai tsaya a ɗakin sujada, gaban mata da yara da surukansa, ya ce mace ta ƙi kwana da mijinta? Bakinsa ba zai ɗauka ba. Sai ya nemi mayafi ya lulluɓe maganar. Ya ce, "An sa 'yar'uwarmu Saratu matar Iliya ƙarƙashin horo saboda laifin shimfiɗa." Ya ninke hannu ya zauna, yana ganin ya tsare mutuncin kowa.

To, a duk ƙasar Hausa, in aka ce matar aure ta yi laifin shimfiɗa, abu ɗaya kunne yake ji. Kafin a gama waƙar rufewa, mata sun fara duban juna. Kafin ranar kasuwa, gari ya riga ya samo mata kwarto. Wasu suka ce direban kamiyon nan ne, wasu suka ce wani mushe ne, malamin lakwal a Rumbu, wasu har suka fara duba kunnuwan jaririn. Ina zaune a rumfata sai Alhaji Sale, abokina mai sayen tumaki daga Azagor, ya leƙo yana dariya.

"Ɗanladi, ashe ku ma kuna taɓawa? Ni na ɗauka ku Kirista daga ɗaya sai Aljanna."

Na ce masa ba haka maganar take ba. Ya ce, "To ƙaƙa take? Ba limaminku ya hwaɗa da bakinshi ba?" Gaskiya kuwa ya faɗa. Matan da ke sayen ƙosan Saratu suka koma wani kasko. Babbar ɗiyarta ta daina zuwa famfo. Shi kuwa Iliya bai ƙaryata kowa ba. Ya auna ya ga tausayin da ake yi wa mijin da aka ci amanarsa ya fi sauƙin ɗauka bisa dariyar da za a yi wa mijin da aka rufe wa ƙofa. Na je wurin Baba Ayuba na ce ya gyara. Ya kama hannuna, idonsa har da ƙwalla, ya ce, "Ɗana, to da wane baki? A ɗakin Allah?" Matar da laifinta shi ne ƙin shimfiɗar mijinta, an mai da ta mai bin shimfiɗar wasu, don kawai dattijo ɗaya ya kasa furta kalma.

Lahadi ta zagayo. Baba Ayuba ya gama sanarwar baiko da ta sharar fili, ya ce ko akwai mai wata. Yaya Rahila ta miƙe daga bencin gaba na mata. Kowa ya ɗauka lokacin taron zumunta za ta faɗa.

"Baba, sanarwar makon jiya nika son a gyara. Mi Saratu ta yi?"

"Rahila, zamna. An riga an hwaɗa."

"Ba a hwaɗa ba, an lulluɓe. Tunda ya yi muku nauyi, ni in ɗauka." Ta juya ta fuskanci jama'a. "Saratu ba ta kwana da mijin kowa ba. Nata mijin ne ta ƙi kwana da shi, don an ce mata in ta sake ciki yanzu mutuwa za ta yi. Iliya, ga ka nan. In ƙarya nika yi, tashi ka ce ƙarya ce."

Iliya bai tashi ba. Wani daga ɓangaren maza ya daka tsawa, "Ke, akwai yara a nan!"

"Na gan su. Daga ina suka hito, daga buhunan Ɗanladi?"

Wasu samari suka fashe da dariya, iyayensu suka zabga musu harara. Fasto ya ɗaga hannu a fara waƙa, mai ganga ya rasa ta inda zai kama. Yaya ba ta zauna ba. Ta ce ita ce ta zaunar da Saratu a ɗakinta ta gaya mata kada ta taɓa hana miji, ta gaya wa amare da yawa haka, kuma yau gaban Allah da jama'a ta janye. Ta ce ba ta yarda Allahn da ya yi jikin mace ya yi shi don a murƙushe ba. Ta ce ayar da ake ta jingina da ita, mai cewa jikin mace na mijinta ne, rabinta ake karanta wa mata, a haɗiye rabin da ya hau kan maza. Daga nan ta ɗauki jakarta, ta taka har baya, ta zauna kusa da Saratu.

Ba a sa ta horo ba, don ba su sami sunan da za su ba laifinta ba, kuma ina jin sun ji tsoron wata sanarwar. Amma an tsige ta daga shugabanci, an hana kai mata amare. Aka ce tsufa ya taɓa mata kai. Aka ce gwauruwa ce, rashin miji ke damunta. Aka ce masu furoje, ƙungiyoyin agajin nan na Turawa, su ne suka saye ta, alhali ko Faransanci ba ta ji bayan gaisuwa. Yara suka riƙa binta da "Madan Shimfiɗa". Wasu iyalai suka kwashe ɗinkinsu, har da ɗinkin Kirsimati da take dogara da shi. Wani mai wa'azi baƙo ya zo daga kudu, ya yi wa'azi guda a kan mata masu dogon harshe, yana yi yana duban bencin baya. Da aka tashi ta je ta gaishe shi, ta tambaye shi 'ya'yansa nawa, matarsa kuma tana lafiya. Ya ce ta rasu wurin haihuwa. Yaya ta ce, "Allah ya ji ƙanta," ba ta ƙara komai ba. Ta gaya mini daga baya ran nan ne kaɗai ta ji tausayin mai zaginta.

Abin da ya fi ba dattawa haushi, ba ta tsaya kan Saratu ba. Da aka hana kai mata amare, sai amaren suka riƙa zuwa da kansu, da sunan gyaran riga. Matan aure ma haka. Tana taka keke tana magana, ƙarar keken tana rufe muryarta daga masu wucewa. Ta ce musu sha'awa ba ta maza kaɗai ba ce, matar da ta nemi mijinta ba karuwa ba ce, kuma jin daɗin miji da mata ba abin neman gafara ba ne. Ta ce wadda ba a yarda ta ce a'a ba, to na'am ɗinta ma ba na'am ba ne. Ta ce ba da tazara tsakanin yara ba kisan kai ba ne, kuma wanda ya ce a dogara ga Allah kawai, ta ga yana ɗaure akuyarsa da dare. Ta ce su buɗe baki su yi magana da mazansu, da Hausar da suke cinikin cefane da ita. Har angwaye ta riƙa aika wa su zo, kaɗan suka zo, suna zufa.

Kada a ɗauka ta zubar da komai. Yaya ba ta yarda da zina ba, ba ta yarda saurayi da budurwa su riga aure ba, ta mutu a kan haka. Amma in yarinya ta yi ciki aka kai ta bencin baya, sai ta tambayi dattawa da ƙarfi ina abokin aikin, ko ita kaɗai ta yi. Sau da yawa abokin aikin yana cikin mawaƙa, sanye da farar taguwa. Kuma tana da nata aibun. Harshenta yana yanka har inda bai kamata ba, ta ɓata da mutanen da da ta bi su a hankali da sun goya mata baya. Na sha gaya mata.

Da abin ya yi tsawo, dattawa suka aiko ni, tunda sulhunta mai saye da mai sayarwa sana'ata ce. Na same ta tana yankan yadi. Na ce sun yarda su mai da mata kujerarta, ita kuma ta ce cikin fushi ta yi magana, shi ke nan, ba wanda zai faɗi ƙasa. A ganina tayi ne mai kyau, na sha rufe ciniki a kan wanda bai kai shi ba.

"Saratu fa?" in ji ta.

Na ce wannan daban, za a duba daga baya.

Ta ajiye almakashi ta dube ni. "Autan Inna, ni ka zo yi wa dillanci? To je ka ce musu albarka."

Duk ɗan kasuwa ya san in mai kaya ya ce albarka, tayi bai kai ba. Na ce to nawa za ta sallama. Ta ce a miƙe inda aka miƙe aka ɓata yarinyar nan, a faɗi abin da ta yi da sunansa, sa'an nan a tambayi jama'a ko zunubi ne mace ta ƙi mutuwa. Na kai saƙo. Ba su ƙara tayi ba.

Daga ran nan har ciwon ƙirji ya kwantar da ita, a bencin baya take sujada. Ita ba a hana ta Jibi ba, amma in mai rabo ya miƙo mata sai ta ce ya fara da ta kusa da ita, shi kuma sai ya wuce su duka biyu. Ran jana'izarta, matan da suka zo sun fi ƙarfin ikilisiyarmu. Akwai na unguwa, Musulmi, har da uwargidan Alhaji Sale, akwai waɗanda suka zo daga Bader Gula a kan amalanke. Mai wa'azi ya yi maganar ɗinkinta da yadda ta riƙe marayu. Bai ce uffan ba kan abin da ya tara matan.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta leƙo yau. Yaran da aka ce kada su ji kalma ɗaya a majami'a, yanzu kowane yana da salula a aljihu, abin da suke kallo a ciki ko ni mai furfura ba zan iya faɗa ba. An hana su ji daga bakin uwa mai tsoron Allah, suna koya daga bakin da ba ya tsoron kowa. Surukan dattawan nan, matan 'ya'yansu, ina ganinsu ranar kasuwa suna ratsawa ta bayan rumfuna zuwa asibiti, an ja mayafi har hanci. Tsakanin jikokin dattawan akwai tazara mai kyau, kuma ba wanda ya tambayi ta yaya aka samu. Muna da sabon fasto, yaro mai ilimi da hankali. Bara ya shirya taron ma'aurata, na je da matata. Ya ce miji ya nemi yardar matarsa. Ya ce jin daɗin aure baiwar Allah ce. Ya ce tsara iyali hikima ce. Aka yi ta tafi, har da waɗanda suka kira Yaya mahaukaciya. Matata ta taɓa ni ta ce, "Wannan ai ɗinkin Yaya ne, an sake mishi wuya kawai." Ba wanda ya ambaci sunanta.

Na san Yaya, wannan ba zai dame ta ba. Dariya za ta yi ta ce su ɗauka, ba ta sa wa maganar kuɗi ba. Sa'an nan ta waiwaya baya ta ga wadda ke zaune bakin ƙofa, dariyar ta tsaya. Don ga abin da ya fi ƙona mini rai: Saratu da Iliya sun daɗe da shiryawa. Shi da kansa ya raka ta aka yi allurar, a ɓoye, suna zaune lafiya a ɗaki ɗaya. Wanda ya kai ƙara ya janye a gida, amma bai janye a majami'a ba. Abin da aka hore ta a kansa, yanzu daga kan mumbari ake koyar da shi. Duk da haka doka ta ce ba a fita horo sai an miƙe an ce an yi zunubi, ita kuma ta ce ba ta yi ba. Sanarwar Baba Ayuba tana nan yadda ya yi ta. Akwai mutane a garin nan da har yau in an ce Saratu, sai su ce, "Wace, mai laifin nan?"

Watan jiya sabon fasto ya kira ta, ita kuma ta ce in raka ta, a matsayin ƙanen Yaya. Muka zauna ƙarƙashin itacen bedi, wato dalbejiya, da ke bayan majami'a. Na ga yaron da gaske yake son ya warware abin. Ya ce ya yi ta fama da dattawa, sun sauko. Ba sai ta ce ta yi zunubi ba. Ta miƙe kawai ta ce a wancan lokaci an ruɗe ta, ba sai ta kama suna ba, ran nan za ta ci Jibi. Na dubi tayin da idon sana'a, na ga an yi shi da wayo. Dattawa sun fita, Iliya ya fita, Saratu ta shiga, an ɗora kayan duka a kan wadda ke kabari, ita kuwa ba ta iya miƙewa ta ce a gyara sanarwa.

Saratu ta dubi faston. Yanzu ta manyanta, tana da jika.

"Fasto, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka san ina son ƙoƙon nan. Duk ran da ya wuce ni, sai na je gida na shiga ɗaki na yi kuka, ɗiyana ba su sani ba. Ina tsoron in mutu ban sake sha ba." Ta numfasa. "Amma in na ce an ruɗe ni, kowa ya san wa nika nuhi. Kuma ba ita ta ce in ƙi ba, ni na ƙi tun ba ta buɗe baki ba. Ita dai ta zo ta zamna kusa da ni ran da kowa ke ja da zanenshi. Da ƙarya aka kai ni bencin nan. Ba ni hita da wata ƙaryar."

Fasto ya ce, "Mama, kalma ɗaya ce."

Ta ce, "Waccan ma kalma ɗaya ce."

Muka tashi. A hanya na tambaye ta ko ta yarda in rubuta wannan da sunanta. Ta ce sunanta ya riga ya zaga Dakoro ba da izininta ba, in bar shi ya zaga sau ɗaya da gaskiya.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Yaya Rahila bayan shekara shida, ba zan nuna keken ɗinkinta ba, yana wurin ɗiyarta ya yi tsatsa. Ba zan nuna taron ma'aurata ba, don sun ci tuwon sun ɓoye mai tuƙi. Zan nuna matan da ke tafiya da ƙafafunsu a garin nan, waɗanda da sun bi tsohuwar huɗuba da yanzu marayunsu ne ke yawo. Zan kuma nuna mace ɗaya da aka miƙa wa abin da ta fi so a duniya, a kan ta yi wa matacciya ƙarya ƙarama, ta mai da hannunta.

Ku kuma dattawa, iyayena, da ku nake. Baba Ayuba yana da rai, yana zuwa sujada da sanda. In bakinsa har yanzu ba zai ɗauka ba, cikinku akwai masu sauran haƙora. Maganar ba ta da tsawo, mace ta faɗe ta a tsaye gabanku ba ta mutu ba. Lahadi mai zuwa akwai Jibi, kuma Saratu za ta zo, don ba ta taɓa fashi ba. Wanda aka ba faranti ya yi rabo ran nan, ya sani in ya kai bakin ƙofa ya wuce, yanzu duk Dakoro ta san abin da yake wucewa.